Yadda Ake Ciyar da Mai Jego Daga Ranar Haihuwa Zuwa Wata Shida

Abu biyu ake yawan cakuɗawa a ɗakin jego: yawan nono da ingancinsa. Yawan nono tsotso ne ke kawo shi, wato gwargwadon yadda jariri ya zuƙe, gwargwadon yadda jiki zai sake cikawa. Abin da tukunya ke yi kuwa shi ne riƙe ƙarfin uwa da zuba wasu sinadarai a nonon, waɗanda ba sa shiga sai ta ci su. Wannan bayani na mai haihuwar fari ne, da kuma wadda za ta zauna da ita, ko mahaifiya ce ko gwaggo ko yaya.

Abin da ke cikin nono, a taƙaice

Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, shi ya sa jaririn da ke shan nono zalla ba ya buƙatar ruwa ko a zafin watan Afrilu. A kowane mililita 100 akwai sukarin nono kimanin giram 7, maiƙo giram 3 zuwa 4, furotin kimanin giram 1, da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 65 zuwa 70. Akwai kuma sinadaran garkuwar jiki masu kare hanji da ƙirji daga gudawa da limoniya. Uwa mai shayarwa zalla kan samar da kimanin mililita 750 a yini.

Sinadaran sun kasu gida biyu, kuma a kan wannan rabon duk tsarin abincin ya ginu. Bitamin A, bitamin B1, B2, B6 da B12, bitamin D, aidin da maiƙon kifi mai gina ƙwaƙwalwa suna ƙaruwa ko raguwa a nono daidai da abin da uwa ke samu. Kalsiyam mai gina ƙashi, sinadarin ƙarfe mai haɗa jini, folik asid da zink kuwa ba sa canzawa sosai a nonon, domin jiki daga ƙashin uwa da ajiyarta yake ɗiba ya ba ɗa. Idan ba ta ci na farkon ba, jariri ne zai rasa. Idan ba ta ci na biyun ba, ita ce za ta rame, ta yi fari, jiri ya riƙa ɗibarta.

Kayan da za a tanada tun kafin wata tara ya cika

- Hatsi: gero, dawa, masara, shinkafa, da acha in akwai.
- Wake, waken suya, gyada, riɗi, agushi da daddawa.
- Busasshen ganye: kuka, zogale, kuɓewa. A shanya su a inuwa, rana tana cinye bitamin ɗinsu.
- Busasshen kifi, musamman ƙananan da ake ci har da ƙaya.
- Manja da man gyada. Idan man leda ko na jarka za a saya, a duba alamar ido da ke nuna an ƙara masa bitamin A.
- Gishirin leda mai aidin, da mazubi mai murfi.
- Tsamiya, dabino, citta, kanumfari, masoro.
- Ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki a wajen awo, da katin awon.
- Gora ko jug mai murfi na ruwan sha, kofi babba, da gwangwanin madara na awo.

Ƙwai, nono, hanta, ɗanyen ganye da kayan marmari ba a tara su, kullum ko bayan kwana biyu ake saye. Maigida, kuɗinsu za ka ware daban tun kafin hidimar suna ta lashe aljihu. Ragon suna kwana kaɗan ake ci, shayarwa kuwa shekara biyu ce.

Mataki na 1: Awa ta farko

Da zarar an goge jariri, a ɗora shi a ƙirjinki fata da fata, a lulluɓe ku tare, a sa shi a nono cikin awa guda. Abin da zai fito dakashi ne, mai kauri, rawaya, ɗan kaɗan. Kaɗan ɗin ya isa, domin cikin jariri a ranar farko bai wuce cin ƙaramin cokali ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Dakashi ya fi nonon da zai biyo baya yawan bitamin A da sinadaran garkuwa, kuma yana tura baƙin kashin farko waje, abin da ke rage shawara.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada a nan ake yin sa: a matse dakashi a zubar wai datti ne, ko a gwada shi da tururuwa a ce nonon ba shi da kyau, sai a ɗura wa jariri ruwan ɗumi, ruwan sukari ko madarar akuya kafin "nono ya zo". Duk abin da ya cika masa ciki zai hana shi tsotso, rashin tsotson kuma shi ke jinkirta zuwan nonon. Zuma kuwa kada ta shiga bakin yaro sai ya shekara, tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

Idan tiyata aka yi miki, a taimaka miki ki shayar a kwance ta gefe, ko a riƙe shi ta ƙarƙashin hammata don kada ya danne ɗinkin. Idan jaririn ne bai iya tsotso ba, a tatsi dakashin da hannu a cokali mai tsabta a ba shi.

Mataki na 2: Kwana ukun farko

Ki fara da abu mai ɗumi da laushi: kunun tsamiya ko na gyada, farfesun kaza ko kayan ciki, tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa. Yawancin masu jego na tsoron bayan gida na farko saboda ɗinki ko basir, don haka a haɗa da gwanda, lemun zaƙi, ganye da ruwa sosai tun daga farko. Yajin jego ba laifi in kaɗan ne, yana buɗe cin abinci. Idan ya yi yawa sai ƙwannafi da raɗaɗin bayan gida. Wadda aka yi wa tiyata ta jira umarnin ma'aikatan asibiti kafin ta fara ci.

Tsakanin kwana na biyu da na huɗu nono zai kawo, ya yi nauyi har ya yi tauri. Maganinsa shayarwa akai-akai, sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Idan ya cika har jariri ya kasa kamawa, ki tatse kaɗan da hannu ya yi laushi tukuna.

Mataki na 3: Tsara abincin yini

Mai shayarwa na buƙatar ƙarin kalori kimanin 500 a kan abin da ta saba ci. Ba tulin tuwo ba ne. Tafin hannu ɗaya na gyada, dafaffen ƙwai ɗaya, ayaba ɗaya da kofin kindirmo sun kai kusan haka. A aikace, abinci uku ne da ƙarin ciye-ciye biyu a tsakani.

Don sanin ko abincin ya haɗu, akwai ma'auni mai sauƙi da masana abinci ke amfani da shi. An kasa abinci gida goma, ana so mace ta taɓa aƙalla biyar kowace rana:

1. Hatsi da saiwa: tuwo, fura, shinkafa, doya, dankali, rogo.
2. Wake da waken suya: ƙosai, alale, awara, ɗanwake.
3. Gyada, riɗi, agushi, ƙuli-ƙuli.
4. Nono, kindirmo, madara.
5. Nama, kaza, kifi, hanta.
6. Ƙwai.
7. Ganye mai duhun kore: zogale, alayyahu, rama, tafasa, kuka.
8. Masu launin ja ko ruwan lemu: kabewa, karas, mangwaro, gwanda, dankalin Hausa mai jan ciki.
9. Sauran kayan lambu: tumatir, albasa, kuɓewa, kabeji, yalo.
10. Sauran 'ya'yan itace: lemu, gwaiba, kankana, ayaba.

Da dare ki ƙirga da yatsu. Koko da safe, shinkafa da mai da yaji da rana, tuwo da dare, ciki ya cika sau uku amma kusan gida ɗaya aka yi ta zagayawa. Ga yini mai kyau wanda bai fi ƙarfin talaka ba: da safe kunun gyada da ƙosai, da hantsi gwanda ko mangwaro, da rana shinkafa da wake da kwaɗon zogale, da la'asar fura da kindirmo, da dare tuwon dawa da miyar taushe mai kabewa da busasshen kifi. Gida bakwai ke nan, ba a sayi nama ba.

Idan kuɗi ya yi wuya ƙwarai, kada a bar yini ya wuce ba wake ko gyada, ganye, da cokalin manja. Sai a yi ƙoƙarin sa wani abu na dabba ko yaya ƙanƙantarsa, ko ƙwai ɗaya, ko ludayin nono, ko dakakken kifi a miya, domin bitamin B12 daga dabba kaɗai ake samunsa, kuma ƙwaƙwalwar jariri na buƙatarsa. Sannan a zuba wa mai jego nata kason daban tun a tukunya. A gidan yawa, wadda ke ɗaki da jariri ita ce ake mantawa da ita har nama ya ƙare.

Mataki na 4: Kunun gyada a madadin kunun kanwa

A nan za a daɗe, domin rai ne a ciki. Kanwa gishiri ce mai yawan sinadarin sodiyam, wanda ke riƙe ruwa a jiki. Mace ta fito daga ciki jikinta ɗauke da ruwa da jini fiye da kima, zuciyarta na ƙoƙarin komawa daidai, sai a yi kwana arba'in ana ɗura mata kunun da aka cika wa kanwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan masu jegon da zuciyarsu ke gazawa makonni bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan kanwa, wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, amma nauyin da kanwa ke ɗora wa zuciya da hawan jini na nan yadda yake. Ba ta ƙara nono, kuma tana lalata bitamin B1 da bitamin C a duk abincin da ta shiga. Wadda ta yi hawan jini, kumburi ko jijjiga a lokacin ciki kada ta kusance ta ko kaɗan. Idan ranar ƙauri an dama don rabo, mai jego ta ci naman, a dama mata nata kunun da tsamiya.

Ga yadda ake kunun gyada na yini guda:

1. A auna ɓararriyar gyada gwangwani biyu. A tsince duk wadda ta yi baƙi, ta yi fumfuna, ta motse ko take ɗaci. Fumfunar gyada da masara na da gubar da ke cutar da hanta, tana ratsawa cikin nono, kuma dahuwa ba ta kashe ta.
2. A soya sama-sama, a murje ɓawon, a markaɗa ta yi laushi.
3. A dama da ruwa lita ɗaya da rabi, a tace. Dusar kada a zubar, a sa ta a miya.
4. A ɗora a wuta ana juyawa, domin ruwan gyada na saurin tasowa ya zube. Ya tafasa kamar minti 10 har ƙarnin ɗanye ya fita.
5. A dama gasarar gero ko ƙullun shinkafa gwangwani ɗaya da ruwan tsamiya. A rage wuta, a zuba a hankali ana juyawa har ya yi kauri. Idan aka sheƙa tsamiya yana tsananin tafasa zai tsinke.
6. A sa sukari kaɗan ko markaɗaɗɗen dabino. In akwai madara ko kindirmo a ƙara a kofi.

Ba gyada? Waken suya na yin aikin: a jiƙa shi ya kwana, a cire ɓawo, a markaɗa, a tace, amma shi sai ya tafasa sosai aƙalla minti 20, in ba haka ba yana kumbura ciki. Riɗi ma ana dakawa a zuba a kunu.

Mataki na 5: Dafa miya ba tare da kashe amfaninta ba

A wanke ganye kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. A zuba shi a ƙarshe, a rufe, minti 5 zuwa 10 ya isa. Zogale da rama da ake tafasawa don kwaɗo, a yi da ruwa kaɗan, kada a bar su a wuta har su koma ruwan ƙasa. Kullum a haɗa ganye da ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, domin bitamin A ba ya shiga jiki sai da maiƙo. Manja kada a soya shi har ya yi fari yana hayaƙi, jan nan shi ne amfanin.

Wake a jiƙa shi ya kwana zai nuna da wuri ba sai an sa kanwa ba. Gishiri mai aidin a ajiye shi a rufe nesa da murhu, a zuba dab da saukewa. Aidin ne ke hana maƙoƙo, shi ne kuma ke gina basirar yaro, kuma ta nono kaɗai jariri zai same shi. Wannan ba izinin cika gishiri ba ne, a rage dunƙulen ɗanɗano, daddawa ta maye gurbinsa.

Nonon shanu kuwa a tabbatar an tafasa shi kafin a yi kindirmo. Ɗanyen nono na iya ɗaukar tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci da ake ɗauka daga dabbobi.

Mataki na 6: Mayar da jinin da aka zubar

Ki ci gaba da shan ƙwayar ƙarin jini mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa, ko yadda aka rubuta miki. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Idan tana tayar miki da zuciya ki sha bayan abincin dare. Hanta yanki kamar rabin tafin hannu, sau ɗaya ko biyu a mako, ta wadatar, ba a cin ta kullum saboda bitamin A ɗinta ya yi yawa.

Sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye ba ya shiga jiki da sauƙi sai an haɗa shi da bitamin C: lemu, gwaiba, ɗanyen tumatir ko garin 'ya'yan kuka. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana toshe shi. A bar awa guda tsakanin abinci da shayi. Shayi mai ƙarfi, kofi da goro suna da sinadarin hana barci mai ratsawa cikin nono, don haka kofi biyu a yini ya isa. In jariri ya cika rigima da rashin barci, a duba nan.

Matan da ba sa fita sosai su riƙa zama a tsakar gida da hantsi rana ta taɓa hannu da ƙafa na ɗan lokaci. Daga rana fata ke haɗa bitamin D, nono kuma dama ba shi da shi da yawa.

Mataki na 7: Ruwa

Ki ajiye gorar ruwa a inda kike shayarwa, duk sanda kika ɗora shi ki sha kofi ɗaya. Ma'aunin shi ne fitsarinki: in ya yi fari-fari ruwa ya isa, in ya yi ja a ƙara. Shan ruwa fiye da ƙishi ba ya ƙara nono. Lemun kwalba da kayan zaƙi ba su shiga lissafi ba, gara kunun aya, zoɓo marar sukari da yawa, ko romo.

Mataki na 8: Duba ko nonon na isar sa

Kukan jariri ba ma'auni ba ne, laushin nono ma haka, domin bayan makonni kaɗan nono kan daina cika ya yi tauri alhali yana nan da yawa. Abin dubawa uku ne. Daga kwana na biyar ya jiƙa ƙunzugu ko famfas sau 6 ko fiye a yini da fitsari marar duhu. Kashinsa ya juya daga baƙi zuwa rawaya kafin kwana biyar. Nauyinsa, wanda kan ɗan ragu a kwanakin farko, ya dawo na haihuwa cikin kwana 10 zuwa 14, sannan ya riƙa hawa a katin awo duk sanda aka je rigakafi.

Ki bar shi ya gama da nono ɗaya ya saki da kansa kafin ki juya shi. Na farkon tsotso ya fi ruwa, maiƙon yana ƙaruwa ne yayin da nonon ke raguwa. Jaririn da ake saurin juyawa zai yi ta fitsari da koren kashi mai kumfa amma bai ƙoshi ba.

Mataki na 9: Idan nono ya ragu

Kafin a nemi jiƙo, a duba kamun. Bakinsa ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa. In kan nono kaɗai ya kama, zai tsage ya yi ciwo kuma nonon ba zai fita ba. Bayan an gyara, a yi kwana biyu zuwa uku ana shayarwa duk bayan awa biyu har da dare, domin da dare jiki ya fi sakin sinadarin da ke haɗa nono. A janye ruwa, bulumboti da madarar gwangwani a hankali, a ɗauke wa uwa aikin gida ta samu barcin rana.

Kunun gyada, fura da zogale suna taimako ta hanyar ƙosar da uwa. Hulba da mata ke sha tana sauke sukarin jini, mai ciwon sukari ta yi hattara. Jiƙe-jiƙen saiwoyi da haɗin kasuwa marasa bayanin abin da ke ciki a bar su, abin da ya shiga jininki na iya kaiwa ga jariri. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa ma na rage nono, ki gaya wa ma'aikaciya kina shayarwa ta zaɓa miki wanda ya dace. Ko uwa ta rame nononta na da amfani, kuɗin madarar gwangwani gara a saya mata abinci da shi.

Idan sashen nono ya yi ja, ya yi zafi da tauri, ki ci gaba da shayarwa da shi, nonon bai lalace ba. In zazzaɓi ya shigo ko ya wuce yini guda bai sauka ba, a tafi asibiti. A tafi nan take kuma in aka ga kumburin ƙafa ko fuska, haki in an kwanta, tarin dare, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jini mai yawa, ko ruwa mai wari.

Mataki na 10: Fita aiki, azumi da cikar wata shida

Mai komawa aiki ko makaranta ta wanke hannu ta tatsa a mazubi mai murfi da aka tafasa. A ɗaki mai sanyi nonon na kai awa 4, lokacin zafi kada ya kai haka. A firij mai tsayayyar wuta yana kwana 4. A ɗumama shi ta hanyar tsoma mazubin a ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta, a ba jariri da ƙaramin kofi.

Shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwamen azumi in tana tsoron cutuwa ga kanta ko ɗanta, musamman a watannin farko da nono ne kaɗai abincinsa. Ta tambayi malami hukuncin ramuwa. In ta ɗauka, ta jinkirta sahur, ta sa fura da nono, ƙwai ko wake, ta rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa asuba, ta kuma lura da fitsarin jariri. In ya ragu ko jiri ya kama ta, ta ajiye.

Idan ya cika wata shida, ajiyar sinadarin ƙarfen da aka haife shi da ita ta kusa ƙarewa, nono kuma ba shi da isasshe. A fara masa kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, cokali 2 zuwa 3 sau biyu a yini, a haɗa da gyada, ƙwai, dakakken kifi ko hanta, a riƙa ƙarawa yana girma. Nono ya ci gaba har shekara biyu, abincin uwa na gida biyar ma ya ci gaba tare da shi.